Ranar da Surukina Ya Cika Bango

Ko da na manta komai na zamana a Dutsin-Ma, ba zan taɓa manta ranar jarrabawar majigi ba. A shekarun tamanin ne, ina ƙaramin malami kuma sabon ango, aka tura ni kwas na koyon aiki da na'urorin koyarwa. Jarrabawar ƙarshe ita ce mutum ya tsara hotuna, ya haska su a bango, ya yi wa jama'a bayani. Wanda ya faɗi ba shi da satifiket, ni kuwa na riga na cika wa amarya baki.

Malamarmu wata Kirista ce daga kudu, Hausarta a karkace, amma idonta ba ya kuskure. Tsarina na farko duk rubutu ne. Ta duba ta ce, "Malam, bango ba littafi ba ne. Hoto ɗaya, magana ɗaya." Na ji haushi, amma na rage. Na zaɓi noman rani, kuma da yake kyamara ɗaya ce ga ajin duka, abokina ne ya je gonakin bakin madatsar ruwa ta Zobe ya ɗauko mini hotunan. Da aka wanko su, 'yan mitsi-mitsi, na ɗaga su a hasken taga na ga albasa da ruwa da wani manomi. Na ce sun yi.

A makarantar firamare ta Birchi aka yi, garin su matata. Aka toshe tagogi da tabarmi, aka tayar da janareta, dattawa suka cika aji. Surukina yana layin gaba. Ban taɓa haɗa ido da shi ba, balle in tsaya a kansa ina magana, don haka na manne a gefe.

Hotunan farko suka wuce lafiya, har na fara jin kaina. Na sake dannawa, sai ga surukina ya cika bango, wando a naɗe, albasa a hannu, yana kallona ido cikin ido! Wallahi ban san lokacin da na tuɓe takalmi na durƙusa ba. Bakina ya ce, "Barka da aiki, Baba."

Aji ya kece da dariya, wani tsoho har da tari. Malama ta ɗaga biro ta ce, "Me ya same shi?" Aka yi mata bayani. Ni dai ina ƙasa, na sallama satifiket.

Sai surukina ya yi gyaran murya. "Tashi, ɗana. Na bangon ya amsa. Ni ko yau ɗalibinka ne, gaya muna yadda albasar nan ta yi haka."

Na tashi ƙafa ba takalmi na ci gaba. Daga nan babu wanda ya yi gyangyaɗi, tambayoyi suka yi ta zuwa, kowa yana son ya ga ko gonarsa za ta fito. Da aka buɗe tagogi, malama ta share hawayen dariya ta ce, "Ka ci, Malam. Amma gobe ka duba hotonka da girmansa."

Farin cikin ranar har yanzu ina jin sa. Na koyi cewa jama'a sun fi sauraron abin da suka ga kansu a ciki. Kuma har na bar aiki, ban sake haska hoto a gaban mutane ba sai na fara gaisawa da shi ni kaɗai.