Matar da Ta Zo Neman Mai Wankan Gawa

Na yi shekara shida ina zama a teburin karɓar marasa lafiya na wani ƙaramin asibitin mata a unguwar Zahir a Makka, irin wanda muke ce wa mustausaf. Aikina in rubuta suna, in duba iƙama, wato katin izinin zama, in ba da ranar dawowa, in kuma hana mutane faɗawa ɗakin daktora kafin a kira su. An ɗauke ni ne saboda ina jin Larabci da Hausa. Daga baya aka gano ina jin Malayanci, sai aikin ya ƙaru.

A unguwarmu ta Jarwal na koyi Malayancin. Kafin mustausaf na yi shekaru ina aiki a wani otal da alhazan can suke sauka, lokacin Hajji kuma a kai mu Arfa mu yi musu girki. Mu a Makka duk wanda ya fito daga wancan ɓangaren duniya Jawa muke ce masa, ko daga wace ƙasa yake, kamar yadda su ma duk Takaruni suke ce mana. Malayancina na kicin ne da na baranda. Na san sunan kifi kala-kala, na san yadda ake cewa ruwan zafi ya ƙare, ko a yi haƙuri mota ta kusa zuwa. Amma ban san sunan ko gaɓa ɗaya da ke ƙasan cibiya ba.

Daktorarmu Basudaniya ce, mace mai saurin magana. Wata rana ta kira ni ta miƙo mini takardu. Ta ce wata ƙawarta da suka yi karatu tare ce ta aiko daga wata ƙasa, tana so a riƙa cika wa matan Jawa da aka yi wa gwajin bakin mahaifa sakamakon ya fito ba daidai ba. Ta yi mini bayani cewa yawancin irin wannan sakamakon ba sankara ba ne, ƙwayoyin wurin ne suka ɗan canja, sai a sake dubawa da kyau a babban asibiti. To amma tsakanin ranar da aka gaya wa mace da ranar da za a sake duba ta, akwai makonni, kuma abin da take ciki a waɗannan makonnin shi ake son a auna. Tambayoyi ne a jere da Malayanci: barci, cin abinci, tsoro, kunya, zama da miji. Gaban kowace tambaya akwai gida huɗu, ko kaɗan, kaɗan, da dama, sosai. Ni zan karanta, mace ta amsa, in sa alama.

Na tafi da takardar gida don in gwada bakina, saboda Malayancin takarda daban yake da wanda na sani. Mahaifiyata ta ji ina ta maimaita abu a ɗaki, ta leƙo ta tambayi mene ne. Na ce damuwa za mu fara aunawa a wurin aiki. Ta ce da wane mudu. Na nuna mata gidajen nan huɗu. Ta duba, ta ce sun yi kaɗan, ta koma wurin tukunyarta.

Mace ta uku da ta faɗo cikin wannan aikin ita ce wadda ba na mantawa da ita. 'Yar Fatani ce, cikin waɗanda muke ce wa Jawa, ta kai shekara arba'in da biyar, gajeriya, fuskarta a sake kullum. Mijinta tela ne a wata kasuwa ta Zahir, ita kuma tana dafa shinkafa a gida tana ƙulla wa ɗaliban ƙasarsu. Larabcinta na cefane ne kawai. Ina ce mata Kak, wato yaya, ita kuma tana ce mini Adik, wato ƙanwa.

Ranar da sakamakonta ya fito, daktora ta yi bayani da Larabci, ni ina juyawa. Da safen ranar na nemo kalmar sankara a harshensu, barah, kuma na ji daɗin samunta. Na gaya mata wannan ba barah ba ne. Na sake cewa ba barah ba ne. Da za ta fita na raka ta bakin ƙofa na ƙara faɗa mata, don ta tafi da kwanciyar hankali. Ta yi godiya. Aka ba ta mako biyar kafin ranar babban asibiti.

Bayan mako guda ta dawo don takardar tambayoyin. Muka shiga ɗakin da ake ajiye ma'aunin nauyi, na rufe ƙofa. Na tambaye ta ko barcinta ya ragu, ta ce ko kaɗan. Ko abinci ya fita ranta, ko kaɗan. Ko tana yawan tunanin mutuwa, ta ce kowane Musulmi yana yi, amma a rubuta ko kaɗan. Tambayoyin da suka shafi miji na karanta su da gudu, idona a kan takarda, ita ma nata a kan ma'aunin nauyi. Duk ko kaɗan. Cikin minti bakwai muka gama. Daktora ta duba layin alamomin da suka sauko a miƙe, ta ce masha Allah, wannan mata tana da ƙarfin zuciya.

Kwana goma bayan haka, wata Juma'a bayan la'asar, aka buga ƙofar gidanmu a Jarwal. Na buɗe na ga Kak da leda a hannu. Ban taɓa gaya mata inda nake zaune ba. Ta ce ba wurina ta zo ba, wurin mahaifiyata ta zo, ta yi tambaya a unguwa aka nuna mata.

Mahaifiyata tana wankan gawa. Ta fi shekara talatin tana yi, kuma an san ta da shi har wajen unguwarmu, an san ta kuma da cewa abin da ta gani a wurin wanka ba ya fitowa daga bakinta. Wannan na biyun ne ya kawo Kak.

Suka zauna a falo, na zauna tsakaninsu ina juya magana. Kak ta ajiye ledar, shinkafa ce da kifi a ganye. Bayan gaisuwa ta ce tana roƙon idan lokacinta ya yi, mahaifiyata ce za ta wanke ta, ba matan ƙasarsu ba. Ta ce matan kirki ne, amma sun san ta, sun san mijinta, kuma suna da waya.

Mahaifiyata ta kalle ta tun daga kai har ƙafa, ta ce in tambaye ta yaushe ne.

Kak ta ce ba ta sani ba tukuna, amma tana jin ba zai wuce Rajab ba.

Mahaifiyata ta ce ita ba ta karɓar alkawari tun mutum yana tafiya da ƙafarsa, domin ba a san wanda zai wanke wani ba. Ta tashi ta haɗo shayi. Da ta miƙa wa Kak kofi, sai Kak ta buɗe jakarta ta fito da nata kofin na roba, ta ce a zuba mata a nan, ba ta so ta shafa mana.

Daga nan maganar ta warware, a hankali, ba tare da kuka ba. Tun ranar sakamakon ta ware kofinta da cokalinta. Kayanta daban take wankewa. Ta bar ɗakin mijinta ta koma kwana a falo, ta ce masa sanyin na'urar sanyaya ɗakin ne yake sa mata ciwon gaɓoɓi. Ta sallami ɗaliban da take dafa wa abinci, ta ce musu hannunta ne yake ciwo. Ta karanta a waya cewa ƙwayar cutar da ke jawo wannan canjin tsakanin mata da miji ake ɗaukarta, kuma ita ta san kanta, don haka kullum idan mijin ya sunkuya yana cin abinci sai ta zauna tana kallon ƙeyarsa tana lissafin shekarun da ya yi a nan shi kaɗai kafin ta iso. Wani lokacin kuma sai ta ga ai shi ma zai iya yin irin wannan lissafin a kanta. Shi ya sa ba ta gaya masa ba. Rabon da ta yi barcin kirki tun ranar.

Na ce, "Kak, amma na tambaye ki duk wannan, kika ce ko kaɗan."

Ta ce, "Takardar hukuma ce, Adik. Ban san wanda zai karanta ba."

Na ce ai na gaya mata ba sankara ba ne. Ta ce ta ji. Ta ce sau uku na faɗi sunan ciwon, har da biyo ta bakin ƙofa, kuma a garinsu ba a kiran sunan nan a gaban mai lafiya. Da ta ji na kira har sau uku, ta san ina lallashinta ne.

Mahaifiyata ta tambayi me ake cewa, na juya mata. Ta ɗauki kofin robar Kak, wanda ta riga ta sha rabi, ta shanye sauran, ta ajiye. Sannan ta buɗe shinkafar ta fara ci, ta ce barkono ya yi yawa amma kifin ya dahu.

Ranar Lahadi na shiga wurin daktora kafin a fara ganin mutane, na gaya mata duka, har da sau ukun. Ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce daga yau kada in ƙara kiran sunan ciwon sai idan mace ce ta fara kira. Muka sa Kak ta dawo. Daktora ta zana mata hoto a bayan wata takarda, ta nuna mata wurin, ta ce ƙwayar tana iya kwanciya a jiki shekaru masu yawa ba a sani ba, mutane da yawa suna da ita, kuma ba ta zama shaida a kan kowa. Ba a ɗaukarta a kofi. Ta ce ta koma ta ci gaba da dafa shinkafarta. Wannan karon a hankali na juya, inda ban san kalma ba na ce ban sani ba, muka nuna da yatsa a kan zanen.

Na kawo sabuwar takarda, na gaya mata babu suna a jiki, babu lambar iƙama, kuma wadda za ta karanta tana can wata ƙasa. Muka yi kusan awa ɗaya. Ta ba barci da dama, ta ba kunya sosai. A tambayar miji ta daɗe, sannan ta ce in sa alamar a kan layin da ke tsakanin gida biyu. Na sa a nan. Tsohuwar takardar daktora ta rubuta wani abu a gefenta ta jefa a durowa.

Ana saura kwana biyu ranar babban asibiti na buga lambar da ke fayil ɗinta don in tuna mata. Namiji ne ya ɗauka, ina jin ƙarar keken ɗinki a bayansa. Na ce daga mustausaf ne, ina neman mai wayar. Ya ce shi ne mai wayar. Ashe ranar da ta fara zuwa, da na ce ta ba ni lamba, ta mijinta ta ba ni, wadda ta haddace, ni kuma na rubuta.

Na fara neman yadda zan kashe maganar, sai ya ce ba sai na wahala ba, ya sani. Tun ranar farko saƙon mustausaf ya shigo masa, cewa sakamako ya fito kuma ana bukatar ganin daktora. Ya kai wa wani mai kantin magani ya karanta masa. Ya jira ta gaya masa, ba ta gaya masa ba, sai ya ga tunda ba ta so ya sani, to bai sani ba. Da ta ce na'urar sanyi ce take damunta, ya kira mai gyara ya duba na'urar, don kada ta gane. Ya ce ya daina shan taba tun ranar, kuma ita ba ta lura ba. Ya roƙe ni kada in gaya mata.

Na ce masa ni aikina tuna wa mutane ranar asibiti, ranar kuwa Talata ce, ƙarfe takwas na safe, kuma ana so mace ta zo da wanda zai mayar da ita gida.

Shi ya kai ta. Ban san abin da suka faɗa wa juna a hanya ba. Bayan kwanaki suka zo mustausaf tare da takardun babban asibiti. An ga ɗan wuri kaɗan, an cire shi a ranar, an ce ta dawo bayan wata shida. Shi ya zauna a ɓangaren maza, ita a na mata, allon katako a tsakaninsu, suna magana ta samansa da murya ƙasa-ƙasa. Ita tana cewa mako biyar yana kallonta tana kwana a kan kujera bai ce komai ba. Shi yana cewa mako biyar ana ba shi abinci ana kallon ƙeyarsa. Da aka kira ta ta shiga, ya tambaye ni ko akwai wata takarda da shi ma zai cika. Na ce babu, ta mata ce kawai. Ya ce to.

Da wata shidan ya cika an sake gwajin, ya fito lafiya. Ɗalibanta sun dawo, har sun ƙaru. Tana aiko wa mahaifiyata shinkafa lokaci-lokaci, da barkono daban a ƙulle.

Ni kuma daga lokacin, duk macen da ta ba ni lamba sai in ɗaga kai in tambaye ta wayar a hannun wa take kwana. Da yawa sukan ce in goge, su ba ni wata.