Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Jiya na ga jikana ya ɗora hannu bisa kai yana sosa kunne, sai na ji gabana ya faɗi. Ku yaran yanzu ba ku san wannan ba, to bari in gaya muku.

Da Nasara suka tahi, sabuwar gwamnati ta ce kowane gari sai ya ba da yara lakwal, wato makarantar boko. Mu ba mu da takardar haihuwa, don haka mushe, malamin lakwal, da hannu yake auna shekaru. Ka ɗora hannun dama bisa kai, in ya taɓo kunnen hagu, ka isa shiga.

Ana cikin kaka, gari duk ƙanshin sabon hatsi, gardi, dogarin gwamnati, ya zo daga Dakoro bisa raƙumi, ya ce gobe a tara yara ƙofar mai gari. Kakarmu ta ja mu bayan rumbu, ni da yayana. A wurinta duk ɗan da ya shiga lakwal ya ɓata: ba salla, ba kiwo.

"Ku ƙage hannu," ta ce, sannan ta dube ni. "Kai mijina, sarkin rawar kai, da kai nike."

Yayana ne mai son lakwal. Shi ke tsintar kwalin sukari a kasuwar Birnin Lalle, yana kwaikwayon rubutun bisa yashi. Amma bai taɓa ƙetare maganar Kaka ba. Da aka zo kansa, ya maƙale gwiwar hannu, yatsunsa suka tsaya tsakar kai. Mushe ya dube shi, dogo haka, ya yi tsaki.

"Sai baɗi."

Ni kuwa da na ga jama'a ta taru, komai ya fice mini. Na cafke kunnen har ina ja, ina washe baki, don a san ni ma namiji ne. Kwana uku Kaka ba ta ci tuwo ba.

Da shekara ta zagayo, yayana ya kai kansa. Aka ce ya wuce shekaru.

Ni lakwal ta kai ni Yamai, Abijan, har ƙasar da ake sa riga uku don sanyi. Shi kuwa fari ya cinye shanun da aka tsare shi dominsu, ya ƙare yana tallan ruwa a Maraɗi. Ko takardar likita sai ya jira na zo na karanta mishi.

Yanzu kullum gardama ake a rediyo: a koyar da Hausa ko da Faransanci, a gyara nan, a sake can. Ina saurare. Ban dai ji mai tambayar waɗanda aka bari bakin ƙofa ba.

Ranar da na duba yayana ta ƙarshe, ya rame ƙwarai. Ya ɗaga hannu a hankali bisa furfurarsa, ya kama kunnen.

"Mushe," ya ce mini, kamar ni ne malamin nan, "ka gani? Tun ran nan yana kaiwa."