Tulun Mahaifiyata a Gitar Abokina

Ranar da abokina ya kawo mini faifansa, ina ɗakin malamai ina duba takardun jarrabawa, aikin da ba ya bar wa mutum sauran tausayi. Ya ɗora shi a kan takardun ya ce, "Ticha, abin nan ya fito." Na ɗauka na juya shi. Hotonsa ne a gaba, yana zaune a dakalin tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, gita a cinya, yana kallon nesa kamar wanda aka yi wa alkawarin jirgin yana hanya. Na ce hoton ya yi kyau. Ya ce ai ba hoto ya kawo mini ba. Na ce na sani, amma mai duba aiki daga bango yake farawa.

Shi lissafi yake koyarwa, ni adabi. Tun muna samari muke tare a ƙungiyar mawaƙan majami'armu, kuma da gita ɗaya muka koya, ta ikilisiya, wadda wuyanta ya ɗan karkace saboda jingina ta da ake yi a bayan kabad. Ni na fara koya. Ni na nuna masa inda ake ɗora yatsu. Ina faɗin wannan ne don tarihi kawai, tun da na lura babu wanda yake tambaya.

Ni da guntun roba nake kaɗawa, wanda na yanko daga murfin bokiti, ina share tsirkiyoyin gaba ɗaya, yadda ake bukata in ana so a riƙe jama'a kada su ja waƙa har ta mutu a hanya. Shi kuwa wata shekara sai ya yar da robar, ya tara farce a hannun dama har shugaban makaranta ya yi masa magana. Babban yatsansa yana tafiya a kan tsirkiyoyi masu kauri yana ba da gindin kiɗan, sauran yatsun suna ɗauke da waƙar a sama. Wanda ya ji daga bayan taga sai ya ce mutum biyu ne a ɗakin. Ni dai duk wanda ya ji ni, ko daga ina ne, ya san mutum ɗaya ne, kuma ya san wane ne.

Ran Asabar da rana na sa faifan a falo. Babu murya a ciki, babu ganga, gita ce tsura daga farko har ƙarshe. Na zauna da irin zuciyar da nake duba jarrabawa da ita, kuma da farko na samu abin da nake nema. Kiɗan farko na san gidansu. Mahaifin abokina ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a kwatas ɗin reluwe ya tashi, tsakanin maƙwabta 'yan kudu waɗanda in an taso daga sujada suke fito da garmaho su sa hailaif da kiɗan Kwango har yamma. Wannan lanƙwasar mai daɗi, mai kamar tafiyar wanda ya ci ya ƙoshi, daga can ya ɗebo ta. Na biyu waƙa ce daga littafin waƙoƙin sujada, ya tattara muryoyin nan huɗu da muke wahalar haɗawa da mutum talatin ya zuba su a hannu ɗaya. Wani kuma molo ne, irin na tsofaffin da muke gani a kasuwar Godogodo muna yara, har ya sassauta tsirkiya ɗaya don ta yi wannan gunjin. Duk wanda ya wuce sai in ce a raina, na gane inda ka kwafo. Malami ba ya samun kwanciyar rai irin ta ranar da ya kama amsar da aka kwafa.

Sai aka zo na kusa da ƙarshe.

Mahaifiyata ita ce mai kaɗa tulu ta matan zumunta na majami'a a garinmu Madakiya tun kafin a haife ni. Babban tulu ne na ƙasa, ana dukan bakinsa da soso mai faɗi da aka ɗinke cikin ƙyalle, yana ba da wata murya mai zurfi da ake ji a ciki kafin a ji a kunne. Kowace mai tulu da irin hannunta. Na Mama bugu biyu ne masu nauyi, sai ta ɗan dakata kamar ta manta abin da take yi, sai na ukun ya faɗo daidai lokacin da matan suka sauke ƙafa. Mutanen garin daga bakin hanya suke gane ko ita ce a kan tulun ko an ba wata. Ni a goye na fara jin sa. Kuma ga shi nan a falona, yana fitowa daga babban yatsan malamin lissafi, da dakatawar da komai.

Matata ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Wannan ai Mama ce," in ji ta.

Na ce wataƙila kama ce kawai.

"Wace kama? Ai ya daɗe yana zuwa wurinta. Ya kai mata burodi, ta sa a sauko da tulun, su zauna."

"Ke wa ya gaya miki?"

"Ita."

"Ni me ya hana ta gaya mini?"

"Kai in ka je me kake tambayarta? Ko ta sha maganin hawan jini, ko kwanon ɗaki yana yoyo. Ta ba ka amsar abin da ka tambaya." Ta koma kan miyarta.

Na karanta littattafai da yawa a kan hassada, na koyar da wasu, har na sha rubuta wa yara a allo cewa ita ce ta kai wane da wane ga halaka. Babu marubucin da ya gaya mini cewa tana iya zuwa da kiɗa mai daɗi haka. Da faifan bai yi kyau ba, da na yafe masa. Na sake sa waƙar, na kuma sakewa, ina neman inda ya yi tuntuɓe, ban samu ba. Yabon da ake yi masa a gari bai dame ni sosai ba, wannan na saba haɗiye shi. Abin da ya tsaya mini shi ne wannan bugun na gidanmu ne. Abin da nake so kuwa ƙarami ne, a ganina: in ji daga bakin Mama cewa hannunta ni ya bi, ba ɗan maƙwabta ba.

Ina da dalilin sa rai. Mama ba ta taɓa ɗaukar gita da daraja ba. A wurinta kayan gidan burkutu ce da aka yi wa baftisma. Kuma ta sha faɗa cewa kiɗan da babu kalma a cikinsa ba yabon Ubangiji ba ne, motsa jiki ne. Saboda haka mako na zagayowa na sa faifan da 'yar rediyo a mota, na sa tawa gitar a but ɗin baya, na kama hanyar Madakiya kamar mai kai ƙara.

Na same ta a gindin mangwaro tana tsaga citta, ta baza wadda ta tsaga a kan buhu tana shan rana. Muka gaisa da yarenmu, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, na tambayi maganin hawan jini kafin in tuna. Sannan na ce na kawo mata wani abu ta ji. Ban ce na wane ne ba.

Na tsallake sauran na sa nata. Wuƙar ta tsaya a hannunta. Can sai na ga diddigenta yana taɓa ƙasa, yana ɗagawa a wurin dakatawar, yana sauka a na ukun. Da ya ƙare ta ce, "Sake." Na sake.

"Ya ji magana," in ji ta. "Da farko gudu yake yi kamar ana bin shi. Na ce mishi, kai Malam, matan nan tsofaffi ne, da zani suke rawa, ka jira su."

Na ce, "Amma Mama, babu kalma a ciki fa. Ko sunan Yesu ba a kira ba."

"Tulu yana da kalma ne?"

Ban shirya wa wannan ba. Na ce ai tulu da mawaƙa yake tafiya. Ta ce ita tana jin matan a ciki, in ni ba na ji, to in duba kunnena.

Mama da yarenmu take hira, amma in zance ya zama na hukunci sai ta koma Hausa, kamar mai sanarwa a majami'a. Da na ji ta gyara zama ta koma Hausa, na san an gama shawara ba tare da ni ba.

"Ran da Ubangiji ya kira ni, wannan za a kaɗa. In an fito da ni daga ɗaki za a kai majami'a. Shi da kanshi, ba rediyo ba. Ka gaya mishi."

Na ce Allah ya ƙara mata kwana, wannan zance ba na yanzu ba ne. Ta ce amin, amma zanin da za a sa mata ma ta riga ta ware, kiɗa ne ya rage. Sai na ji bakina yana cewa, "Ni ma ai ina kaɗa gita, Mama."

"Na sani."

"Tana mota."

"To ɗauko."

Na ɗauko. A makon nan duka na yi ta gwadawa a ɓoye, na ajiye roba ina fama da babban yatsa, wanda ashe duk shekarun nan zaman banza yake yi a hannuna. Na zauna a kan turmi na fara. Bugu biyun suka fito. Dakatawar ma na yi ta, sai dai tawa ta yi kama da ta wanda ya manta da gaske. In yatsan ya kama hanya sai sauran su tsaya kallo, in suka shigo sai shi ya ɓata. Wata akuya da ke cin ɓawon citta ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da abin da ya fi mata. Na kai ƙarshe dai, don ba a san ni da barin aiki a tsakiya ba.

"Kana da ƙoƙari," in ji Mama.

Shekaru nake rubuta wannan jimla a katin sakamakon yara. Na san waɗanda ake rubuta wa ita.

Na ce, "Mama, ni na sha nononki, ba shi ba."

"Shi ya sa." Ta ɗauki wata cittar. "Ka taɓa ganin ɗa yana kiɗa a bison uwarshi, ran da za a binne ta? Jikoki su yi rawa, su yi mini tsiya, su sa kayana suna kwaikwayon tafiyata. Surukai su yi hidima. Na waje su yi kiɗa. Kai zama za ka yi a rumfa. Dangina za su taso tun daga Fadan Kaje, in sun zo wa za su gaisar? Su tarar da babban ɗa ya rungume gita kamar an ɗauko shi haya? Da shi na haifa, da shi ma zama zai yi."

Na san wannan al'ada, na zauna a rumfunan mutane ba iyaka. Kuma na ga kyautar da ta miƙo mini a cikin maganar, cewa kujerar tawa ce, babu mai zama a kanta sai ni. Mai hankali da a nan ya tsaya, ya karɓa, ya yi godiya, ya tafi gida da abinsa. Amma aikina ne in gane lokacin da aka amsa wata tambaya aka bar wadda aka yi. Ta yi mini bayanin ranar. Ni kuwa hannu na zo tambaya.

"To da babu al'adar fa? Da an ce ki zaɓa tsakanina da shi?"

"Shi," in ji ta, ko kai ba ta ɗago ba. Sai ta ƙara da yarenmu, a hankali, cewa in matsar da buhun can, inuwa ta kusa cin cittar.

Na matsar da buhun.

Saƙon ma ni na kai. Ran Litinin na same shi a bakin ɗakin gwaje-gwaje yana goge farcensa da 'yar takarda mai kaushi. Na ce, "Mutumina, an ba ka aiki. Mama ta ce kai za ka kaɗa a jana'izarta." Ya sa takardar a aljihu. Sannan ya ce in gaya mata bai gama koyo ba tukuna, ta dakata masa. Na ce ya je ya gaya mata da kansa, tun da ya fi ni sanin hanyar gidan.

Mama tana nan da ranta har yau, tana cin tuwonta, tana faɗa da masu sayen citta. Amma ta ɗauki maganarsa da gaske. Duk lokacin da muka haɗu a gidan, Kirsimeti ko bikin godiyar kaka, sai ta sa ya ɗauko gita a gwada, wai kada ranar ta zo ya koma gudunsa. Yakan zauna a bakin ƙofar ɗakinta, inda za a fito da ita. Jikoki su taru suna dariya, matan maƙwabta su leƙo ta katanga, wata ma ta fara sauke ƙafa.

Karon farko ina tsaye a gefe, hannu a aljihu, da fuskar mai sauraro da idon basira. Mama ta hango ni. Ta sa aka ɗauko farar kujerar roba aka dasa a tsakar gida, nesa da mai kiɗan, wajen da rumfa za ta tsaya.

"Kai ma zo ka gwada naka," in ji ta.

Na je na zauna. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in sauke ƙafar da na ɗora a kan ɗaya, baƙi za su ce ban damu ba. Sannan ta juya wajensa ta ce ya fara daga farko.