Wayar da ta ƙi ɗaga kiran Yaya

Ina kan acaɓa daga Roni zuwa Kazaure, Baba yana kwance a asibiti, sai ga kiran Yaya Habu da ke jinyarsa. Na shafa gilashin, ya ƙi motsi. Wayar shafa ta farko da na mallaka ke nan. Wajen hoto ba ta da tsara, amma da rana ta gasa ta sai ta sandare, 'yar banza.

Kira na huɗu ya shigo, na sake shafawa a banza.

Ɗan acaɓan ya miƙo ƙaramar wayarsa. "Karanto lambar, abokina."

"Ban haddace ba."

"Ta yayanka guda?"

Na haɗiye zagin da ya zo min baki, na ce ya ƙara gudu.

Ashe jini ake nema wa Baba. Allah Ya sa na isa kan lokaci, aka ɗebi nawa.

Ku faɗa min tsakani da Allah, lambar wa ke kanku yanzu?