Ƙafafun Baba Isa a Tafkin Wanci

Daga Mesaimeer

Tun kafin assalatu muka fito daga masaukinmu na Mesaimeer a Doha, mu uku: ni Habibu, da Nura abokin aikina na gadi a West Bay, da Baba Isa direba, wanda muka shekara tara ɗaki ɗaya da shi. A filin jirgi muka yi asuba, da hantsi jirgin Addis Ababa ya ɗaga.

Tafiyar ta Baba Isa ce, mu 'yan rakiya ne. Kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, ya ba shi zuwa ƙarshen wata ya faɗi ko zai sabunta kwantiragi na shekara biyu. Shi kuwa hankalinsa na Gembu, inda mahaifinsa ya bar masa gona a jikin dutse, amma yana shakkar ƙafafunsa. Shekara ashirin ke nan yana zaune bayan sitiyari, a garin da gadar sama ce babban tudu. Wani Bahabashe mai kai kaya kasuwar Abu Hamour ne ya ba shi labarin tafkin Wanci na ƙasarsu da hanyar da ta zagaye shi ta kan duwatsu. Sai ya yanke wa kansa hukunci: in ya zagaye da ƙafarsa, gida zai koma, in sai da doki, ya sake sa hannu.

Ba zan ɓoye muku ba, ni dokin nake so ya hau. Ba na son rabuwa da shi.

Addis Ababa zuwa Waliso

Sanyi ne ya tarbe mu, Nura da ya zo da riga ɗaya tal ya fara karkarwa tun a bakin ƙofa. Muka shiga ƙaramar bas zuwa Waliso, tafiyar kusan awa uku. A wani shinge soja ya juya fasfo ɗinmu ya tambayi inda za mu. Da ya ji, sai ya dubi tumbin Baba Isa.

"Da ƙafa?"

"Da ƙafa, in sha Allahu," in ji Baba, bai ko yi murmushi ba.

Mun kwana a wani ƙaramin masauki, mai gidan Musulmi ne. Ya kawo mana injera, wata faffaɗar waina mai tsami, da miyar wake da kofi mai ɗaci. Ni dai na ci ne don yunwa.

Wanci

Da sassafe mota ta haura da mu bakin dutsen. Tafkin yana can ƙasa, shuɗi, duwatsu sun kewaye shi kamar ruwa a cikin ƙwarya, gonaki sun maƙale a gangare. Baba Isa ya daɗe yana kallo, ya ce a hankali, "Kamar gida." Muka ɗauki ɗan jagora, wani mai doki kuma ya biyo mu ba a kira shi ba, shi ya san ƙarshen baƙi irinmu.

A nan muka yi kuskuren. Hanyar siririya ce, mutum ɗaya take ci, mu kuwa ba a yi mana tarbiyyar shiga gaban babba ba. Muka sa Baba gaba muka bi shi. Ya kama sauri, muka kama. Muka gangara, muka bi gefen ruwa, muka wuce maɓuɓɓugar ruwan zafi ba wanda ya tsaya ya taɓa. Iskar wurin ba ta cika ƙirji, ina jin bugun zuciyata har cikin kunne, amma ina zan ce na gaji alhali mai furfura bai ce ba?

A tsakiyar hawan ƙarshe ya zube a kan wani dutse, fuskarsa ta yi fari. Da numfashinsa ya dawo, ya miƙe ya dafa sirdin dokin.

"Khalas, shi ke nan, Habibu. Ƙafar ta ƙi."

Nura, yana haki, ya ce, "To Baba, wannan gudu da kake yi tun safe, wa zai iya?"

"Ni nake gudu? Ku ne a dugadugaina. Na ce kada tsoho ya tare wa yara hanya."

Ashe shi yana gudun kada ya ɓata mana lokaci, mu muna gudun kada mu ji kunya. Na san in na yi shiru zai hau dokin nan, in samu ƙarin shekara biyu da shi. Na ɗan yi shirun ma, Allah ya gani. Amma ba ƙafarsa aka gwada ba, kunyarmu aka gwada, kuma a gona ba wanda zai bi shi a baya.

Na ce, "Baba, saki sirdin nan. Ka yafe mana, yau za mu shiga gabanka. Ka taho yadda ka ga dama."

Muka wuce shi, ina jin nauyin abin kamar na yi rashin kunya. A sama muka zauna jira. Muka yi la'asar, rana ta karkata, Nura ya ce in leƙa, na ƙi. Can sai ga hularsa ta ɓullo, yana tafe yana tsayawa, da kara a hannu, dokin na biye da shi ba kowa a kai. Na yi murna, kuma raina ya sosu, duka a lokaci guda.

Komawa Doha

Washegari muka koma Addis Ababa, jirgi ya sauke mu Doha zafi na dukan fuska. Ko takalmi Baba Isa bai cire ba ya kira kafil ɗinsa ya gaya masa gida zai koma.

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, mun gode wa mai masaukinmu na Waliso, da mai dokin da ya bi mu yini guda a banza. Jiya Nura ya ce in Baba ya tafi shi zai dawo gadon Baban, tunda ɗakinmu ya fi nasu sarari. Na ce masa ya bari tukuna.