Gangar Yaya Bitrus da Akurkin Katako

Bana shekara tara ke nan da muka binne yayana Bitrus, makaɗin majami'armu da ke wani ƙauye a bayan Doguwa. Ni na gaji gangarsa, ba don na fi kowa hannu ba, sai don ciki ɗaya muka fito.

Lokacin da majami'ar take ta ƙasa da jinka, ba wanda ya taɓa kuka da ganga, domin ciyawa tana shanye ƙara. Da muka yi ginin bulo muka rufa kwano ba silin, sai kowane bugu ya riƙa dawowa. Yawancinmu kuwa ba mu iya karatu ba. Mai ba da waƙa ke faɗin baiti, mu amsa. In ganga ta danne muryarsa, sai dai mu yi ta motsa baki.

Yaya ya ajiye sandar kiɗa ya koma tafin hannu, ya shimfiɗa tsohon zanen Inna a kan fatar. Idonsa kullum yana kan tsofaffin da ke bencin baya. Da ya ga leɓensu ya tsaya, sai ya sassauta. Samari suna tsokanarsa wai gangarsa mura take yi. Yakan ce, "Ku ƙyale ta, rakiya ta zo, ba ita ce amarya ba."

Yau an sayo gangunan zamani masu faifan ƙarfe. Da ƙara ta yi yawa, dattawa suka sa kafinta ya kewaye ni da katako, aka liƙa soso a ciki. Ƙara ta ragu, amma ba na ganin fuskar kowa, sai zufa. In na ce a cire katakon, kunnuwa su sha wuya. In na bar kiɗan, mai zafin hannu zai hau kujerar. Gaba kura, baya siyaki. Nakan tambayi kaina, shin Yaya zai yarda ya shiga wannan akurki?

Na yi ajin yaƙi da jahilci, yanzu ina bin waƙa a littafi. Amma iyayenmu mata har gobe kunne ne littafinsu.

Ba hannunsa Yaya ya bar mini ba, damuwarsa ya bar mini. Duk Lahadi in an tashi, nakan tsaya bakin ƙofa in gaishe su, in tambaya ko sun ji baitin. Wani lokaci su rera mini shi. Wani lokaci su ce, "Mun dai ji ganga, ɗan nan." Ran nan tuwo ba ya wuce mini.