Zanen Yolngu da Na Ƙi Bugawa a Atamfa

Mun tashi da asuba daga Makera ta Kaduna, ko masu ƙosai ba su hura wuta ba. Mu huɗu ne: malamar jami'a da ke jagorantarmu, wani marini, wata masaƙiya, sai ni mai zana adon atamfa a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Tun da soja suka koma bariki ƙasashen da suka juya mana baya suka fara sakin fuska, shi ne aka gayyaci masu sana'ar hannu zuwa arewacin Ostireliya, wurin wasu mutane da ake kira Yolngu. Kada ku ɗauka kamfani ya ba ni hutu don Allah da Annabi. Kasuwa ta mutu, kullum ana sallamar ma'aikata, manaja kuwa ya faɗa mini ƙiri-ƙiri: ko in dawo da sabon adon da za a buga na Sallah da Kirsimeti, ko in tarar da wani a kujerata.

Hanyar Legas tana nan yadda kuka san ta. An ce mulkin farar hula ya zo, amma ramuka ba su ji labari ba, masu shinge kuma kaki kawai suka sauya, hannun da ake miƙowa shi ne dai na jiya. A Jebba na ci soyayyen kifi na naira hamsin, na ƙara da burodi, don ban san abin da zan tarar a gaba ba.

Jirgi uku muka hau kafin mu isa birnin Darwin na Ostireliya, har ranaku suka rikice mini. A can na sayi shayi kofi ɗaya, da na juya kuɗin zuwa naira sai da na yi salati. Shayin ma ruwa-ruwa, mai shayin bakin masaƙarmu ba zai ba almajirin sana'arsa irinsa ba. Da na tashi salla na fuskanci gabas kamar kullum, malamar ta yi dariya ta juya ni yamma. Wato mun yi nisan da har Makka ta koma bayanmu!

Daga nan ƙaramin jirgi ya sauke mu a ƙasar Yolngu. Ƙasa ja wur, teku shuɗi, amma an gargaɗe mu kada mu sa ko ƙafa, kadoji ne a ciki. Mutanen baƙaƙe ne, wasu sun fi ni baƙi, ba sa yawan magana, ba sa ƙura wa baƙo ido. Kafin a yi hulɗa da kai sai an ba ka matsayi a dangi, ni aka mai da ni ɗan wani dattijo mai zane, don haka Baba nake ce masa. Mun ci ƙaguwa da kifin da aka gasa a garwashi da doyar daji. Marinin nan ya ga ƙaguwa ya ce shi azumin nafila yake yi, azumin da bai tashi tunawa da shi ba sai lokacin cin abinci.

Baba a ƙasa yake zama, ɓawon itace a gabansa. Launinsa huɗu ne kacal, duk daga ƙasa da dutse ake niƙa su: fari, ja, rawaya, baƙi. Buroshinsa 'yan silin gashin mutum ne aka ɗaure a tsinke. Da shi yake jan layuka sirara, ya gitta wasu a kansu, har zanen ya riƙa walƙiya kamar rana a kan ruwa. Shekara goma sha tara ina zane, ranar na san ban iya komai ba. Raina ya ce, ga atamfar da za ta tashi kan matan Kaduna, ga kujerata ta tsira.

A sana'armu kwaikwayo ba sata ba ne. Ka gani a darduma ko a kwano, ka sauya launi, a buga. Don haka kwana uku ina zaune gefensa ina kwafewa a littafina, ko ɓoyewa ban yi ba. A rana ta huɗu ya miƙo hannu ya karɓi littafin, ya daɗe yana dubawa, sannan ya kira 'yarsa, malamar makaranta, ita ce tafintarmu.

"Yana tambaya me za ka yi da shi," in ji ta.

Na ce, "Atamfa za mu buga, Baba. Dubban mata su ɗaura, sunanku ya zagaya ƙasarmu."

Da ta fassara masa, sai ya tashi ya yafito ni. Ya kai ni wata rumfa inda aka jingina dogayen kututtura waɗanda gara ta rarake cikinsu, an zane su tun daga sama har ƙasa. A irinsu kakanninsa ke zuba ƙasusuwan mamaci. Ya dafa ɗaya mai irin zanen da na kwafa, ya bugi ƙirjinsa, ya yi magana a hankali.

'Yar ta ce, "Wannan zanen na gidansu ne. Shi aka zana masa a ƙirji ranar da aka yi masa kaciya, shi za a zana a kan akwatin gawarsa. Ya ce farin ƙashinsa ne, jan jininsa ne, rawayan kitsensa ne, baƙin kuma fatarsa. Akwai wanda suke sayarwa a rataya a bango, wannan ba ya ciki. Ya ce kai da ka zama ɗansa, jikinsa za ka yanka yadi-yadi?"

Wallahi kunya ta kama ni har ƙafafuna. Na tuna ranar da na yanka wa mahaifina likkafani, na ce a raina da wani zai ɗinka riga da ragowarsa ya tafi biki, me zan yi masa? Nan take na yage shafi goma sha ɗaya na damƙa wa Baba. Bai yi godiya ba, ni ma ban ga abin godiya ba.

A hanyar dawowa marinin ya yi ta zuga ni. Wai wa zai sani, tsakaninmu da su teku nawa? Na ce masa ni na sani.

Ranar Litinin na shiga ofishin manaja hannu Rabbana, na ba shi labari tiryan-tiryan. Ya ce, "Malam, kada ka raina mini hankali. Kai da kake ganin abu sau ɗaya ka zana shi ido rufe? Ga takarda, ga alƙalami."

Na ce, "Gaskiyarka, Alhaji, kowane layi yana kaina. Ba zan zana ba."

"Mutanen dajin ne za su ciyar maka da 'ya'ya?"

Na ce wanda ya tsaga baki ba ya hana shi abinci. Kafin azahar takardar sallama ta iso teburina. Na ji tsoro, ba zan yi muku ƙarya ba, 'ya'yana biyar. Maiɗakina ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, a na uku ta ce in ci tuwo kada ya huce. Yanzu allunan shaguna nake rubutawa a Tirkaniya, ana samun na cefane wata rana, wata rana a yi haƙuri.

Masu cewa na yi wauta su ci gaba da faɗa, bakinsu ne. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne ba duk abin da ido ya gani hannu ke da izinin ɗauka ba, ko da yunwa na ƙwanƙwasa ƙofa. Zanen Baba yana nan a kaina, layi bayan layi, babu injin da zai taɓa shi, kuma da shi za a binne ni.